Hoton da na gani tar a maleƙar kyamara ya fito dishi-dishi a babban firam, ina matsalar take?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'a. Wani abu ne ya ɗaure mini kai, ina roƙon wanda ya san kan abin ya warware mini.

Aikin biki na yi a wani ɗakin taro a nan Kano. Kyamarata Canon 6D ce, na ɗaura mata lensi 85mm, na buɗe ƙofar haske har ƙarshe, f/1.8, don hasken wurin ba shi da ƙarfi, amarya kuma ta ce ba ta son filasha na dukan idonta. Su biyar ne a hoton. Amarya a tsakiya, ƙawa ɗaya a damanta ɗaya a hagunta, sai mutum biyu da suka tsaya a baya suna leƙowa ta tsakanin kafaɗu. Tsakanin na gaba da na baya bai wuce santimita 40 ba, ni kuma ina tsaye kamar mita 4 daga gare su. A kan idon amarya na ɗora saiti.

Wallahi da na kafa ido a maleƙa, wato 'yar tagar da ake leƙawa a ga abin da za a ɗauka, duk su biyar ɗin tar na gan su. Na duba allon bayan kyamara, lafiya lau. Na tura wa amarya ta WhatsApp, ta ɗora a sitatus, har ana tambayarta wa ya ɗauka. Sai mahaifiyarta ta ce wannan hoton take so a yi mata babban firam na falo, inci 20 da 30. Da na kai mata, ta karɓa ta riƙe shi a hannu tana dubawa, can sai ta ce, "Yaro, ya aka yi fuskar Auta ta yi hazo haka?" Ashe ɗaya daga cikin na bayan ƙanwar amarya ce. Na leƙa, gaskiyar Hajiya ce. Amarya har gashin idonta ana iya ƙirgawa, duwatsun mayafinta ɗaya bayan ɗaya, amma na bayan nan biyu idanunsu sun narke, zanen ɗankwalinsu ya caɓe.

To laifin wurin wankin hoto ne, ko lensina ne ya fara lalacewa? In kuwa tun asali haka hoton yake, me ya hana ni gani a maleƙa, alhali ta cikin lensin nan dai nake kallo?

Mai Bana:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka cire wurin wanki daga zargi. Kai da bakinka ka ce gashin idon amarya ya fito raɗau a kan takardar. Inji ba ya zaɓar fuska. Da shi ne, da amarya da Auta duk tare za su caɓe.

Aikina ke nan, buga bana da allunan talla, kullum ina cikin wannan rigima da kwastomomi. Mutum zai zo karɓar aikin da za a kafa a bakin titi, ya same shi shimfiɗe a ƙasa a shago, ya tsuguna a kansa ya ce an ɓata masa aiki, hoton duk ɗigo-ɗigo. Sai na sa yara su ɗaga shi su tsallaka titi da shi, a take ya ce ai ya yi kyau. Hoton nan naka da za ka kawo mini in buga shi mita 6 a faɗi, a kafa shi sama, mai wucewa a mota daga mita 30 ba zai taɓa ganin aibin fuskar Auta ba. Hajiya riƙe shi ta yi a hannu, shi ya sa. Ka roƙe ta a rataye shi a bango tukuna, ta zauna a kujera ta duba.

Malamin Kimiyya:

Mai Bana ya taɓo tushen maganar. Ƙanena, lensinka lafiyarsa ƙalau. Bari in ɗan ja zancen, don na ga matasa da yawa masu kayan aiki na kirki suna faɗawa wannan ramin, kuma abin na damuna, don mutuncin mai hoto ne ke zubewa a gaban iyayen amarya.

Lensi a kan tazara ɗaya tak yake yin saiti. Ka ɗora a idon amarya, to mita 4 ɗin nan ita kaɗai ce ta fito cikakkiya. Duk abin da ya matso gaba ko ya ja baya, kowane ɗigonsa ba ya sauka a kan sansa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, a matsayin ɗigo, sai dai 'yar ƙawanya mai faɗi. In ƙawanyar ƙarama ce ido ba ya ganewa, sai mu ce wurin ya fito. Wannan yankin da ido ke yafewa shi ne zurfin saiti. Saboda haka ba abu ne da ke cikin kyamara kaɗai ba, ya danganta da idon mai kallo, da girman da aka yi wa hoton, da kuma inda mai kallon ya tsaya.

Ma'aunin da masu ƙera lensi suka daɗe suna aiki da shi shi ne: lafiyayyen ido, daga santimita 25, ba ya damuwa da ƙawanyar da ba ta wuce milimita 0.2 ba a kan takarda. Suka ɗauka cewa hoton fim ɗin 35mm za a wanke shi wajen inci 8 da 10, wato an ninka girmansa kamar sau 8. Ka raba, sai ka samu kusan milimita 0.03 a kan fim ko sansa. Lambobin nan da kake gani an zana a jikin tsofaffin lensi, da manhajojin lissafi na waya, akasarinsu a kan wannan 0.03 suka ginu. Duk sun ɗauka cewa hoto ne madaidaici a hannun mutum. Ba su san da firam ɗin Hajiya ba.

Ga lissafin hotonka. Lensi 85mm, f/1.8, mita 4: zurfin saitin duka kusan santimita 24 ne, wajen 12 a gaban idon amarya, 12 a bayansa. Auta tana santimita 40 a baya, ta fita daga yankin nesa ba kusa ba. Ƙawanyar da kowane ɗigon fuskarta ya yi a kan sansa ta kai kusan milimita 0.09, ninki uku na abin da aka yarda da shi.

Yanzu ka bi wannan 0.09 ɗin duk inda hoton ya je. A waya, in an riƙe ta a tsaye, faɗin hoton bai wuce santimita 7 ba. Sansarka santimita 3.6 ce, an ninka sau 2 ke nan. Ƙawanyar ta zama kusan 0.19, ta tsaya daidai ƙasa da inda ido ke fara gani. Shi ya sa ƙawayen amarya suka yaba. Allon bayan kyamara ma haka, inci 3 ne, yana nuna maka fiksel 720 a faɗi daga cikin 5472 da kyamarar ta ɗauka. A firam ɗin inci 30 kuwa, wato santimita 76, an ninka sau 21. Ƙawanyar ta koma kusan milimita 2. Milimita 2 a fuskar mutum, a hannun uwar da ta haife ta! Sai an ja baya wajen mita 2 da rabi kafin ido ya daina ganinta. Kada kuma ka ce a albam za ka tsira: a inci 8 da 12 ta kai kusan milimita 0.8, duk wanda ya buɗe shafin a cinyarsa zai lura.

Sai maganar maleƙa, wadda ita ce ainihin tambayarka. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka rufe maka ido.

Na farko girma. Maleƙar 6D ƙarfin girmama hotonta 0.71 ne. In ka lissafa, abin da idonka ke gani a ciki daidai yake da a ajiye maka hoton inci 8 da 12 a nisan kusan santimita 60. Ka ga ya ninka nisan nan na santimita 25 fiye da sau biyu. Tun a nan an yafe maka rabin dishin.

Na biyu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Ba kai tsaye kake kallon duniya ta lensi ba. Haske na shigowa, madubi ya cilla shi sama, ya faɗa kan wani ɗan gilashin saiti, hoton da ya zauna a kan gilashin nan shi kake gani. A tsofaffin kyamarori gilashin gurzajje ne, irin na tagar banɗaki, yana watsa haske ko'ina, har wanda ya shigo ta gefe-gefen lensi yana isa idonka. Yana da duhu amma ba ya ɓoye komai. Da aka shigo zamanin saiti mai sarrafa kansa, tun daga Minolta 7000 a 1985, sai ya zama madubin yana barin wani kaso na haske ya ratsa shi zuwa na'urar saiti da ke ƙasa, ga kuma lensin zum masu f/3.5 zuwa f/5.6 sun cika kasuwa. Da an bar tsohon gilashi, da maleƙa ta yi duhu sosai. Sai aka koma yin gilashi mai ƙananan ƙwayoyi da ke tattara haske su miƙa shi ido kai tsaye. Ya yi haske, amma hasken da ya bi ta can gefen babban lensi ba ya iso ka. A aikace, komai faɗin da ka buɗe, maleƙa na nuna maka abin da ya yi kusa da f/2.8 ne. Kai ka ɗauka a f/1.8, idonka ya ga f/2.8.

Haɗa biyun: ƙawanyar 0.09 ta ragu zuwa kamar 0.06 a gilashin, ga ta kuma a ƙaramin hoto. Ta sauka daidai kan iyakar abin da ido ke iya rarrabewa, cikin ɗakin taro mai ƙarancin haske, ana kiɗa, ana ture ka. Ba yadda za a yi ka gani.

Kana iya gwadawa yau a gida. Akwai ɗan maɓalli a gaban kyamarar, ƙasa kusa da bakin lensi, wanda ke tsuke ƙofar haske ka ga yadda hoton zai kasance. Sa f/2.2 ka danna, sa f/2.5 ka danna, da ƙyar za ka ga wani canji a haske ko a dishin baya. Sai ka kai f/4 za ka ga duhu ya shigo, baya ya fara fitowa.

Da f/5.6 ka ɗauka, ƙawanyar Auta 0.03 za ta zama, milimita 0.6 a firam, wadda ke ɓacewa daga santimita 80. Kuɗin da za ka biya shi ne haske, kusan ninki goma. In kana ISO 400, wato ma'aunin yadda sansa ke jin haske, sai ka haura wajen 4000, ko ka harba filasha sama ta daki silin ta sauko a hankali, ba za ta dami idon amarya ba.

Ɗan Tudun Wada:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni a ganina 85mm ne bai dace da hoton mutum biyar ba. Da 35mm ya sa, ko a f/1.8 ɗin kowa zai fito, ai an san ƙaramin lensi ya fi zurfi. Ni da shi nake duk hoton taro.

Malamin Kimiyya:

Ya fi zurfi in ka tsaya inda kake, mutanen suka ƙanƙance a cikin hoton. Amma shi yana son su cika hoton kamar yadda suka cika da 85mm, dole ya matso zuwa kusan mita 1.65. A nan ƙawanyar Auta za ta zama 0.08 maimakon 0.09. Hajiya ba za ta ga bambanci ba. Ƙari ma, kawunan na gaba za su yi girma, na baya su ƙanƙance. Muddin girman mutum a cikin hoto ɗaya ne, lambar f ɗaya ce, zurfin kusan ɗaya ne. Abin da ke cetonka a hotunanka shi ne kana barin fili da yawa a gefe, kuma ina zaton ba a cika yi musu babban firam ba.

Baba Mai Situdiyo:

'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Malam ya yi bayanin da mu a zamaninmu a hannu muka san shi, ba a takarda ba.

Da Yashica Mat 124G na yi yawancin aikina, mai ido biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ana leƙa ta daga sama tana rataye a ƙirji. Idon sama na kallo ne, f/2.8, ba shi da abin tsukewa ko kaɗan. Na ƙasa shi ke ɗauka, f/3.5, shi ake tsukewa. To ka ga tun farko mun san abin da muke gani ba shi ne zai fito ba, ba wanda ya taɓa dogara da gilashin ya gaya masa zurfi. Akwai ɗan tabarau da ake ɓallowa a saman, da shi muke duba ido ya zauna. Sauran kuma sai mu duba lambobin da ke jikin abin murɗa saiti, mu ga daga ƙafa nawa zuwa ƙafa nawa f/8 ko f/11 za ta riƙe. Fim ɗin 120 hoto 12 ne kacal a nadi, ba ka da na ɓarnatarwa.

Kuma kafin mutum ya zauna a kujera, tambayar farko da nake masa ita ce, wane girma kake so? Na fasfo ne, ko fos-kad, ko na bango? In ya ce na bango, ko lambobin sun ce f/8 ta isa, sai na ƙara tsukewa zuwa f/11, in kafa kyamara a kan ƙafa uku. Wannan tambayar ce na ga yaran yanzu sun daina yi, sai an gama biki a zaɓi hoto a waya a ce a yi firam. Ɗana, duk hoton da ka ga iyaye ko 'yan uwan jini a ciki, ka ɗauka na bango ne tun kafin a faɗa maka.

Game da jera mutane, da ka ce na bayan su matso har ƙirjinsu ya taɓa kafaɗar na gaba, su ɗan sunkuyo da kai, da santimita 40 ɗin nan ta koma 20. Mu har layi muke ja da alli a daɓen situdiyo. In kuma layi biyu ne dole, kada ka ɗora saiti a kan wanda ya fi kusa da kai, ka ɗora a ɗan bayansa kaɗan, a raba dishin biyu kowa ya ɗauki kaɗan.

Abu ɗaya da Malam bai faɗa ba: akwai 'yar ƙaramar taya a gefen maleƙa ta daidaita ido. Takan murɗe a jaka ba ka sani ba. Idon saurayi yana iya ƙoƙarin gyara wa kansa, sai ka yini kana aiki kana ganin kamar daidai ne, ga ciwon kai da yamma. Ka cire lensi ko ka nufi farin bango, ka murɗa ta har lambobin da ke cikin maleƙa su fito tangaran. Ni da na haura arba'in sai da na riƙa gyara tawa lokaci zuwa lokaci.

Ɗan Fagge:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Malam, na gode, Allah ya saka. Na gwada maɓallin, yadda ka faɗa haka yake, daga f/1.8 zuwa f/2.5 ban ga abin da ya motsa ba. Na kuma buɗe hoton a kwamfuta na jawo shi, dishin na nan tun asali.

Saura tambaya ɗaya. Ina son f/1.8 don hoton amarya ita kaɗai, yadda baya ke narkewa shi ne abin da ke kawo mini aiki. Akwai hanyar da zan riƙa ganin gaskiyar abin kafin in danna, ko sai na sayar da wannan na koma kyamara marar madubi?

'Yar Damagaram:

Yaya, kada ka yi gaggawar sayarwa. Ni marar madubi nake riƙewa, Sony a7 III. Gaskiya ne maleƙarta daga sansa take ɗauko hoto, babu gilashin da zai ɓoye maka f/1.8. Amma ita ma ƙaramin allo ce, ɗigo miliyan 2.36, wanda ya kama fiksel 1024 a faɗi, alhali hoton 6000 ne. Kusan kowane fiksel shida a faɗi an dunƙule su sun zama ɗaya. In ban danna na jawo hoton ba, irin dishin Auta yana iya wuce ni. Launin nan da take shafawa a gefen abin da ya shiga saiti shi ma yana da sassauci, yakan haska fuskar da ba ta gama zama ba.

Taka ma tana da hanyar. Kunna kallo ta allon baya, ka jawo sau 5 ko sau 10 a kan fuskar na baya, ka danna maɓallin nan na tsukewa. Abin da ka gani a nan shi ne zai fito, don daga sansa yake. Yana cin lokaci, ba na tsakiyar rawa ba ne, amma hoton dangi da aka tsaya aka jeru ya cancanci daƙiƙa goman.

Malamin Kimiyya:

Ƙanwata ta faɗi daidai. In kuma ka fi son ido a maleƙa, 6D na cikin waɗanda ake iya canza wa gilashin saiti da hannu. Canon sun yi wani mai suna Eg-S, shi ne dai na 5D Mark II, an yi shi musamman don lensi masu f/2.8 ko waɗanda suka fi haka buɗewa. Yana watsa haske fiye da wanda ya zo da kyamarar, za ka ga saiti na shiga yana fita a fili, dishin f/1.8 kuma ya fi kusa da gaskiya. Yana zuwa da ɗan abin kamawa, kada ka taɓa fuskarsa da yatsa, kuma ka yi canjin a ɗaki rufe, ba a cikin ƙurar hunturu ba. Bayan ka saka, ka shiga saitunan kyamara ka gaya mata irin gilashin da ke ciki, in ba haka ba awon haskenta zai karkace.

Ka sani dai da lensin zum mai f/4 ko f/5.6 maleƙar za ta yi duhu sosai a ɗakin taro. In 85mm da 50mm ne yawancin aikinka, zai yi maka. In kana yawan ɗaura zum, bar wanda ke ciki, ka riƙe f/1.8 don mutum ɗaya, ka koma f/5.6 da zarar an yi layi biyu.